Amsoshin Wasiƙunku: Hoto Ya Nuna Ruwa a Ƙirji

Wasiƙarmu ta yau daga Ngaski ta fito. Mai wasiƙar ya ce yayansa masunci ne, ya yi wata biyu yana tari, yana rama, ga zufar dare. An ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ce akwai ruwa, kuma tantanin huhu ya yi kauri. Yana tambaya, ko ruwan tafkin Kainji ne ya shige shi?

To Malam, ni ba likita ba ne, amma na tambayo masana. Ba ruwan tafki ba ne, jiki ne ke tara shi. Huhu yana lulluɓe da tantani biyu, kuma tsakaninsu ruwan ke taruwa ya danne huhu, numfashi ya yi wuya. A hoto, iska baƙa take fitowa, ruwa kuwa fari, daga ƙasa yake farawa. Galibi sai ya kai mililita 200, wato cikin kofin shayi, kafin hoton gaba ya nuna shi.

Yaya ake bambanta ruwa da kauri? Kun san kwale-kwale. In ya karkata, ruwan ciki sai ya gangara gefe, amma busasshen taɓo yana nan inda yake. Haka likita zai kwantar da mutum a gefe ya sake hoto, ko ya yi sikanin. Ruwa yana motsi, kauri ba ya motsi. Sau da yawa kaurin nan tabon tsohon ciwo ne.

Sai dai hoto ba ya faɗin dalili. Tarin fuka yana kawo haka, namoniya ma, da ciwon zuciya, ƙoda, hanta ko daji. Shi ya sa ake zuƙo ruwan da allura a auna, a kuma gwada majina. In mugunya ce, sai an sa roba an janye ta.

Don Allah kada a yi masa ƙaho ko sakiya. Ku koma Babban Asibitin Yawuri da hoton a hannu, in sun tura ku asibitin koyarwa na Sakkwato, ku daure ku je. In tarin fuka ne, magani kyauta ne a asibitin gwamnati, wata 6 cur ba fashi, ko da ya ji sauƙi. A duba iyalinsa su ma.

Allah ya ba shi lafiya. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.