Me Ya Sa Yaranmu Ke Dawowa Hannu Rabbana Daga Wasannin Duniya?



Yau maganar wasa za mu yi. Na san wani dattijo zai ce, "Ashe! Taki ya yi tsada, rijiya ta ƙafe, hanyarmu ta yanke tun damina, su kuwa 'yan siyasa tamaula ce ta dame su?" Baba, da gaskiyarka. Amma ka ara mini kunnenka kaɗan. Cutar da ke kayar da yaranmu a filayen wasa na ƙasashen waje, ita ce dai cutar da ke sa taki ya iso gonarka bayan gero ya fid da kai. Abin da ya sa muka ɗauko wasa kuwa, shi ba a iya ɓoye sakamakonsa. Ana iya rubuta wa takarda cewa an haƙa rijiya dubu, wa zai zaga ya ƙirga? Amma in an ci ka a ƙwallo, rediyo ya faɗa, duniya duka ta ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Manyanmu suna tune da shekarar 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ranar da Nijeriya ta ci Aljeriya uku da nema a Ikko, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. Mun sake ɗaukarsa a 1994, muka kuma ɗauka a 2013. A 1996, a wasannin Olimfik na birnin Atlanta ta Amurka, yaranmu sun kayar da Barazil, suka kayar da Ajantina, suka zo da lambar zinariya. A cikinsu akwai 'yan Kaduna, su Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi. A can ne kuma wata 'yar sanda, Chioma Ajunwa, ta ci zinariya a dogon tsalle. Wanda ya ce ba mu iya ba, to, bai san tarihi ba.

To, yanzu ku ji inda muka kwana. A watan Maris na 2022, Gana ta zo har Abuja ta yi kunnen doki da mu, ɗaya da ɗaya, ta tafi gasar kofin duniya, mu muka zauna gida. Aka ce a yi haƙuri, ta gaba za a ƙara yawan ƙasashe zuwa 48, Afirka ma za a ba ta gurbi tara kai tsaye. Ƙofa ta yi faɗi haka, amma ba mu shiga ba. Mun yi kunnen doki da Lesotho a cikin gidanmu, a Uyo. Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu, ta ci mu biyu da ɗaya. Masu horar da 'yan wasa uku muka yi a cikin neman gurbi guda, kowa da irin nasa tsari. Daga ƙarshe, ranar 16 ga Nuwamba 2025, Kwango ta fitar da mu a birnin Rabat da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ita kuwa Kef Bade, 'yan tsibirai ne a cikin teku waɗanda jama'arsu duka ba su kai miliyan ɗaya ba, ta sami gurbinta.

A wasannin Olimfik ma haka. A London a 2012 ko allura ba mu samo ba. A Faris ta Faransa a 2024 mun tura 'yan wasa 88, suka dawo ba zinariya, ba azurfa, ba tagulla. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200! A wannan wasa ne wata yarinya daga Sen Lushiya, tsibirin da mutanensa ba su kai dubu 200 ba, watau bai kai wasu ƙananan hukumominmu ba, ta tsere wa matan duniya a gudun mita 100.

Wani zai ce rashin kuɗi ne. A'a, jama'a. Gwamnati da bakinta ta ce ta amince da Naira biliyan 12, watau miliyan dubu goma sha biyu, domin Olimfik ɗin Faris da wasannin naƙasassu da suka biyo baya. Kuɗi sun fito. Abin tambaya shi ne yaushe suka fito, kuma hannun wa suka shiga. Mai gudu kamar ragon layya yake. Wanda ke son babban rago ranar Salla, watanni yake yi yana ba shi dusa da harawa da kanwa. In ka bar shi da yunwa sai ranar jajibere ka zuba masa buhun dusa gaba ɗaya, kumburin ciki zai yi, ba ƙiba ba. Shekara huɗu ce tsakanin Olimfik da Olimfik. Sauran ƙasashe tun washegarin rufe wannan suke fara shirin wancan, mu kuwa sai ana gab da tafiya a tara yara a sansani, a ɗinka musu riguna, a ɗauki hoto. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in ba ku labarin sakaci, domin a nan ne zuciya ke tafasa.

A wasannin Tokyo ta Japan, waɗanda aka yi a 2021, an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsallenmu 10 shiga fili. Ba a kama su da shan wani abu ba. Dokar duniya ce ta ce kafin a zo, sai an yi wa kowane ɗan wasa gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari sau kaza, masu alhakin shirya gwajin nan a gida kuwa ba su cika shi ba. Yara suka je har Tokyo suka zama 'yan kallo. A cikin goman nan akwai Annette Echikunwoke, haifaffiyar Amurka, wadda ta zaɓi ta yi wa ƙasar iyayenta wasa. Gwana ce wajen wurga dunƙulen ƙarfe mai igiya. Da aka yi mata haka sai ta koma wa Amurka, a Faris kuwa ta ci musu lambar azurfa. Wannan lamba tamu ce, da hannunmu muka ba da ita. Akwai kuma Favour Ofili. Ita ma tana cikin goman Tokyo, ta haƙura, ta yi shekara uku tana shiri, ta cancanci gudun mita 100 a Faris. Da ta je sai aka tarar ba a rubuta sunanta a wannan tsere ba. Suna kawai, jama'a, abin da akawun kotu zai rubuta kafin shayinsa ya huce! Har wa yau a Faris ɗin, sai da 'yar tseren kekenmu ta ari keke daga hannun Jamusawa kafin ta shiga wani tsere.

Wanda aka taɓa cewa sunansa ba ya cikin takardar rabon taki, alhali ya biya kuɗi tun bazara, ya san irin wannan ciwo.

Sa'an nan ga cin haƙƙin yaran. A 2016 'yan ƙwallonmu masu zuwa Olimfik a Barazil sun maƙale a Atlanta saboda rikicin kuɗin jirgi. Sai ranar wasa suka sauka a garin Manaus, ana saura 'yan sa'o'i a take ƙwallo. Duk da haka suka ci Japan biyar da huɗu, suka ƙare da lambar tagulla, inda Sadiq Umar ɗan Kaduna ya ci biyu a wasan ƙarshe. Ita kaɗai ce lambar da Nijeriya ta samo a wannan shekara. A shekarar nan dai 'yan matanmu suka ɗauko kofin Afirka, suka ƙi fita daga masaukinsu a Abuja sai an biya su. A Nuwamba 2025 ma, ana saura kwana biyu a kara da Gabon, 'yan wasa sun ƙi fita atisaye a Rabat saboda bashin alawus. Ku manoma ne, kun san gayya. In ka kira gayya ka hana fura da tuwo, wa zai amsa kiranka baɗi? Shi ya sa Francis Obikwelu ya ci wa Fotugal azurfa a 2004, Daniel Igali ɗan Bayelsa ya ci wa Kanada zinariya a kokawa a 2000.

Akwai kuma wani abin kunya da ya kamata a faɗa. Sau biyar muna ɗaukar kofin duniya na ƙananan yara, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai mu. To, ina kofin manya? Ko zagayen 'yan takwas ba mu taɓa kaiwa ba. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne rage shekaru. A 1989 hukumar ƙwallo ta duniya ta dakatar da mu shekara biyu daga wasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa. A 2016 aka auna ƙashin yaran da ke sansani da na'ura, fiye da 20 suka faɗi, Jamhuriyar Nijar kuwa ta fitar da mu. In aka sa ƙato cikin yara zai yi kaye, amma ya tare wa yaron gaskiya wuri, kuma lokacin da ake jiran ya nuna, shi ya riga ya tsufa.

Yanzu mu dawo gida, domin tushen abin a ƙauye yake. Waɗanda suka yi firamare a da sun san kowace makaranta da filinta da malamin wasanninta. Ana gasa tsakanin gidajen ɗalibai, a tafi ta gunduma, a tafi ta lardi. A nan ake ganin yaro mai ƙafa. Ku duba makarantar garinku yau. Filin yana nan, ko an yanka shi fuloti an sayar? In yana nan, akwai ƙwallo ko guda a ofishin hedimasta? Bikin wasanni na ƙasa da aka fara a 1973 domin a riƙa tsamo gwanaye duk shekara biyu, daga 2012 sai da aka yi tsalle zuwa 2018 ba a yi shi ba. Yaron da ke bin awaki a guje daga nan har fadama ba ya haki, wa zai gan shi? Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Aisilan biyu a 2018, a Kano Pillars ya yi suna. Da ba a gan shi ba fa? Irinsa nawa ne suka tafi ci-rani, suna tura baro a birni?

Ku dubi 'yan'uwanmu na Nijar. Tun 1975 suka mai da kokawar gargajiya gasar ƙasa, jiha-jiha ana zagayawa da ita, wanda ya yi kaye ya ɗauki takobi, ƙasa duka tana manne da rediyo. A Olimfik ta 2016 ɗansu Abdurrazaƙ Alfaga ya ci azurfa a wasan takwando, har Nijar ta zo sama da mu a jerin ƙasashe. Maroko kuwa makarantar ƙwallo ta kafa a 2009, yara suna karatu suna wasa. Ɗalibin wannan makaranta ne, Yusuf En-Nesyri, ya ci Fotugal da ka a 2022, Maroko ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a kofin duniya. Shekara 13 suka yi suna ban ruwa. A nan cikin gida ma, jihar Bayelsa ta riƙe kokawa da gaske, 'yarsu Blessing Oborududu ta kawo azurfa daga Tokyo. Mu da kowane gari ke da 'yan kokawa da 'yan dambe, da kaka ta yi kalangu ya ɗauka har asuba, ina namu? Kokawa da dambe duk suna cikin Olimfik, dokokin ne kawai suka bambanta, doka kuwa koyonta ake yi.

Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauki alkawari in kun ba mu amana. Filin makaranta zai zama kamar maƙabarta da filin Idi, a auna shi, a kafa masa duwatsu, a ba shi takarda, duk wanda ya sayar da taku ɗaya ya gurfana gaban alƙali ko ɗan wane ne. Kowace firamare za ta sami malamin wasanni, kuma za a dawo da gasar makarantu daga gunduma har jiha, maza da nasu, mata da nasu, cikin sutura da mutunci yadda iyaye za su yarda. Bayan an ɗauke amfanin gona, kowace ƙaramar hukuma za ta yi gasar kokawa da dambe da langa da gudu, da likita a bakin fili. Wanda ya yi fice gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa, domin ƙafa tana tsufa, kada yaro ya tashi ba wan ba ƙane. Wannan kuma zai sa a yi wa kowane jariri takardar haihuwa tun ranar suna, ƙaryar shekaru ta ƙare.

Kuɗin 'yan wasan ƙasa za su riƙa fita kowace shekara, su shiga asusun ɗan wasa kai tsaye, ba ta hannun wani ba. Duk tafiyar da za a yi, za a buga sunayen masu rakiya a jarida a karanta a rediyo, kowa da aikinsa, domin kujerar jirgi ta mai horarwa ce da likita, ba ta suruki da abokin siyasa ba. Jami'in da ya manta sunan ɗan wasa kuwa, a ranar zai bar kujerarsa. Ba za a kafa masa kwamiti ba.

Waɗansu za su zo muku da buhun ƙwallo da riguna masu hotonsu ana saura mako guda zaɓe. Samari, ku karɓa, ku buga abinku. Amma ku tambaye su inda suke lokacin da aka yanka filin makarantarku, ku kuma tambaye su wa aka kora saboda abin da ya faru a Tokyo da Faris. Mu ma in mun hau, ku ajiye wannan takarda a cikin adaka, bayan shekara biyu ku fito da ita ku tsare mu da ita.

Kowa ya duba katinsa na zaɓe tun yau. Maigida ya duba na iyalinsa, ya bar mata su fita da wuri. Ranar zaɓe a dangwala wa jam'iyyarmu, a tsaya a rumfa har a ƙirga ƙuri'a a gaban kowa, ba zagi, ba faɗa. Allah ya kai mu ranar lafiya, ya ba mu damina mai albarka.