DAIDAI RUWA, DAIDAI TSAKI: ZAƁEN IGWAR JIRGIN YAƘI

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon hafsan sojan ruwa ya yi wa fataken kifi a Maiduguri.

Bayan gaisuwa, hafsan ya ce mutane da yawa suna tsammanin igwa mafi girma ita ce mafi kyau, alhali kuwa ruwan da jirgi zai shiga da abokin gabar da zai tarar su ne ke zaɓa masa makami.

Ya kawo misalin Aradu, jirgin da aka ƙera wa Nijeriya a Jamus, wanda ya fara aiki a 1982. An ɗora masa igwar kamfanin OTO Melara na Italiya mai faɗin baki milimita 127. Harsashinta ya kai kilo 30, yana kuma wuce kilomita 20, amma nauyinta ya haura tan 30, sai babban jirgi ke iya ɗaukarta. Ƙananan jirage irin su Damisa da Agu an ba su mai milimita 76, wadda ba ta kai tan 8 ba. Harsashinta kilo 6 ne, amma tana sakin kamar 80 a minti guda, ninki biyu na babbar. Wato wanda ya nemi nisa da ƙarfi ya rasa sauri, wanda ya nemi sauri ya rage ƙarfi.

Daga nan ya juya kan Tafkin Chadi, inda sojan ruwa ke da sansani a Baga, wanda 'yan ta'adda suka far wa a Disamba 2018. Ya ce ruwan tafkin ba shi da zurfi, ga tsibirai da ciyayi, maƙiyi kuwa cikin kwalekwale yake lallaɓowa. A nan ƙaramin jirgi mai gudu da bindiga mai sarrafa kanta sun fi kowace igwa amfani. Ya ƙara da cewa makamin da ba a iya gyara shi a gida, ko samun harsashinsa a kan kari, kaya ne kawai.

A ƙarshe ya tunatar da 'yan'uwa mazauna Ikko da Anacha cewa bandar da suke sayarwa daga Baga take fitowa. Muddin masunta ba su shiga ruwa cikin aminci ba, kasuwarsu ce za ta ji a jika. Saboda haka ya roƙe su su riƙa tambayar wakilansu a majalisa abin da ake saya da kuɗin tsaro. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.