Haƙoran Roba Marasa Ƙarfe: Yaya Riƙonsu Yake?



Wannan jawabi an shirya shi ne domin mazauna Nukkai da sauran unguwannin Jalingo, da kuma duk ɗan ƙasa wanda ya rasa waɗansu haƙoransa, yana neman abin da zai cike giɓin.

A da, haƙoran roba na cirewa da mayarwa ƙugiyar ƙarfe ce ke riƙe su, tana maƙale a jikin haƙoran da suka rage. Mutane da yawa ba sa son ta, domin takan bayyana in an yi dariya. A cikin shekarun 1950 aka fito da wata roba mai laushi, dangin nailan, a ƙasar Amurka, wadda aka fi sani da sunan Valplast. Da ita ake yin haƙoran da babu ƙarfe a jikinsu ko kaɗan. A maimakon ƙugiya, robar ce da kanta ke miƙa 'yan hannuwa masu launin dasashi, su rungumi wuyan haƙori.

To, suna riƙewa kuwa? Suna riƙewa ƙwarai, muddin suna sababbi. Shi haƙori cikinsa ya fi wuyansa kauri. Hannun robar yakan buɗe ya wuce wurin mai kauri, sa'an nan ya koma ya matse a ƙasa. Amma fa kullum ana cirewa ana mayarwa, a hankali robar takan saki. Nan ne bambancin yake. Ƙugiyar ƙarfe in ta saki, likita yakan ɗan lanƙwasa ta, ta koma daidai. Hannun roba kuwa gyaransa da wuya, sau da yawa sai dai a yi sabo, a sake biyan kuɗi.

Akwai wata matsala da ta fi wannan. Irin waɗannan haƙora yawanci ba su da madogara a kan haƙoran gaskiya, saboda haka duk nauyin tauna a kan dasashi yake sauka. Wanda ya rasa turamensa na baya, ya zauna cin gasasshiyar masara ko kilishi, robar za ta riƙa nutsewa tana danne dasashi, har ya ja baya, haƙorin da ke kusa ya soma girgiɗa. Saboda haka ne a shekarar 2014 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta ƙasar Japan ta ba da shawarar a taƙaita amfani da marasa ƙarfe ga ƙaramin giɓi, ko sawa na wucin gadi, ko wanda jikinsa ba ya jituwa da ƙarfe.

Hannuwan nan kuma sukan rufe bakin dasashi, abinci ya ɓuya a ƙarƙashinsu. Lalle ne a cire a wanke bayan an ci abinci, a kuma cire kafin a kwanta, a ajiye cikin ruwa mai tsabta. Kada a zuba musu tafasasshen ruwa, domin zai karkatar da su. Kada a goge su da toka ko gawayi. Masu cin goro su sani robar tana ɗaukar launi.

Wanda ke Nukkai ba shi da nisa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Ya je sashen haƙori a duba bakinsa tukuna, a ƙirga haƙoran da suka rage, a gwada ƙarfinsu, kafin ya ba kowa kuɗinsa. In an sa masa, ya riƙa komawa ana dubawa ko da sau ɗaya ne a shekara, ko kuwa da zarar ya ji sun fara motsi a bakinsa.