Gas Ya Zo, Kada A Cire Matatar Salansa



Tun da aka cire tallafin mai a 2023, direbobi ke ta mayar da motocinsu masu aiki da gas. Direbobinmu na Dogon Dawa, masu bin hanyar Funtuwa da Birnin Gwari, da ku nake.

Gas ba ya baƙin hayaƙi, amma zafin inji na haifar da iskar naitirojin oksayid. Tana cutar da huhu, tana tayar da asma.

Maganinta na cikin salansa, matatar nan da makanikai ke kira indomi. Ƙarafan cikinta ne ke warware gubar, kuma don tsadarsu ake cire ta a sayar.

Kada ku cire. Kada ku bari a cire. A daidaita inji, domin sai da haka matatar take aiki.