Taimakon daren farko

A damunar 2008 ambaliya ta karya gadar Amakpape, hanyar Lome zuwa arewa ta yanke, kogin Zio kuma ya mamaye Togblekope, dab da Agoe Zongo.

A irin wannan hali, taimakon daren farko ke ceton rai. Buhun shinkafar da kamfani zai kawo bayan mako, Allah Ya saka, amma ba ya fitar da tsohuwa daga ruwa.

Alhaji mai motoci, ware mota guda da direba tun kafin damuna. Mai shago, bar yaranka su taya 'yan Croix-Rouge aiki, kada ka yanke musu kuɗin yini. Ku kai sunayenku wurin sarkin Zongo tun yanzu, don ruwa ba ya sallama.