Shiga Gidan Abincin Zamani Karon Farko

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara

Shugaban wannan taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai waɗanda har gobe in muka hango su sai mun gyara tsayuwa, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai na kusa da na nesa, barkanmu da sake haɗuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Jama'a, maganata ta yau a kan abinci ce, kuma na ga wasu har sun fara murmushi. Ina nufin gidajen abincin nan na zamani masu rassa gari-gari, irin su Mr Bigg's da Chicken Republic, da abin da ke samun ɗan ƙasarmu ranar da ya fara sa ƙafa a cikinsu. Ƙanana da manyanmu, daga Furana har Ikara, daga Makarfi har Hunkuyi da Kudan, kusan kowa yana da ranarsa ta farko. Yaran da ke zaune a bayan ɗakin nan kuwa tasu tana nan tafe, da zarar sun sami shiga jami'a a Zariya, ko aiki ya kai su Kaduna ko Kano.

Da farko dai, mu ba mu tashi da cin abinci a waje ba. A gidajenmu magidanci a zaure yake cin tuwonsa tare da maƙwabta, kowa ya fito da akushinsa. Wanda aka gani yana cin abinci a kasuwa, in ba matafiyi ba ne ko gwauro, sai an yi ta tambaya ko lafiya gidansa. Malaman fiƙihu ma sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutuncin mai mutunci, a inda ba a saba da haka ba. Saboda haka nauyin da mutuminmu yake ji a ƙofar irin wannan wuri yana da asali, kada wani ya kira shi ƙauyanci.

To, ga shi ya tura ƙofar gilashi ya shiga. Sanyin na'ura ya buge shi, ya yi sallama ba wanda ya amsa. Ba tabarma, ba benci, ba tukunya, ba hayaƙi, balle ya leƙa ya ga abin da aka dafa. Sai dogon kanta, da samari da 'yan mata a bayansa sanye da riga iri ɗaya da hula iri ɗaya, da allo mai haske a sama an jera hotunan abinci, kowanne da kuɗinsa a gefe. Nan ne abubuwa suke rikice masa, domin duk ƙa'idar ciniki da ya sani an juya ta. A wurin mai tuwo sai ka ci ka ƙoshi, ka wanke hannu, sa'an nan ka biya. A nan kuwa sai ka biya, an ba ka rasit, kafin ka ɗanɗana ko loma. Ba tayi, ba "albarka", ba ragi. Ba gyara, ba "Hajiya a ɗan ƙara miya", bashi kuwa ko a mafarki. Kai za ka ɗauki farantinka a kan tire, kai za ka nemi wurin zama, kuma mai yiwuwa teburin da ke kusa da naka mata ne a kai suna cin nasu ba ruwansu da kowa. A cikin kuɗin da ka biya har da harajin kayan masarufi, wanda aka fara karɓa a ƙasar nan a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka mai da shi kashi 7.5 a 2020.

Amma ku tsaya, 'yan uwa. Ashe mu ba mu san wannan tsari ba? Wane ne a cikinmu bai bi layi da kwanonsa a ɗakin cin abinci na makarantar nan ba? Kuku yana tsaye da ludayi, awo ɗaya ga ɗan sarki, awo ɗaya ga ɗan talaka, firifet yana gefe yana zare ido. Ranar wake an san ta, ranar gabza an san ta. Iyakar bambanci, can kai ne ka zaɓa, kuma kai ne ka biya. Ni dai ranar da na fara shiga irin wannan wuri a Kaduna, abin da ya faɗo mini a rai ke nan, sai na ji zuciyata ta kwanta. Na ja baya na karanta allo a tsanake, na lissafa da abin da ke aljihuna, na sayi dafa-duka da cinyar kaza da lemon kwalba. Hukuncina a kan kazar kuwa bai canza ba har yau: ga taushi, ga girma, amma ba ta kama ƙafar kazarmu ta gida wajen daɗi ba.

Shawarata ga mai zuwa karon farko ba ta da yawa. Ya karanta allo kafin ya isa kanta. Abin da bai gane ba ya tambaya, don matambayi ba ya ɓata, kuma aikin da aka ɗauki yaran nan su yi ke nan. In zuciyarsa ba ta natsu da yankan naman ba, ya tambayi manaja daga ina suke samo kajinsu, haƙƙinsa ne. In cokali mai yatsu ya gagare shi, ya nemi wurin wanke hannu ya ci da hannunsa, kaza dai da hannu ake cinta ko a Ingila. In kuwa nauyin cin abinci a gaban jama'a ya hana shi sakewa, sai ya ce a ƙunshe masa ya tafi da abinsa.

Daga ina wannan tsari ya zo? Daga Amurka. A 1948 wasu 'yan uwa biyu masu suna McDonald, a jihar Kalifoniya, suka rage kalolin abincin gidansu zuwa 'yan kaɗan, suka raba aikin girki daki-daki kamar na masana'anta, suka ce mai saye ya zo taga ya karɓa da kansa. A Nijeriya kuwa kamfanin UAC ne ya share hanya, wato kamfanin nan da kakanninmu suka sani da sayen amfanin gona tun zamanin Turawa, mai kantunan Kingsway a da. Shi ya buɗe Mr Bigg's na farko a unguwar Marina ta Legas a 1986, kuma a lokacin da tauraronsa ke haskawa rassansa sun haura 170. Tantalizers ya biyo baya a 1997, Chicken Republic a 2004, KFC na Amurka ya iso Legas a 2009.

Yadda suke yaɗuwa shi ne abin lura. Sau da yawa ba uwar kamfani ce ke da reshen da ka shiga ba. Wani mai jari ne ya yi hayar sunan, ya gina wuri, ya ɗauki ma'aikata, yana biyan kamfani wani kaso na cinikinsa, bisa sharaɗin zai dafa yadda aka ce, ya auna yadda aka ce, ya yi shara yadda aka ce. Abin da mai saye yake biya ke nan: tabbacin cewa abin da ya ci a Kaduna shi zai ci a Kano. Ranar da wannan tabbaci ya karye, suna ba ya ceton kowa. Mr Bigg's da kansa ya rufe rassa da dama daga baya, kuma cikin dalilan da masu nazarin kasuwanci suka kawo har da yadda ingancin abinci ya riƙa bambanta daga reshe zuwa reshe.

Yanzu bari in zo inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Ku dubi farantin nan da kyau. Kazar da ke ciki ta gidan gona ce, wadda ke isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, alhali tamu ta gida sai ta yi watanni tana kiwo. Me ta ci ta yi wannan girma? Masara da waken soya, kuma masara ita ce kaso mafi yawa a abincin kaji. Jihar Kaduna kuwa tana sahun gaba a noman masara a ƙasar nan, shi ya sa kamfanin Olam ya kafa babbar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a kusa da Kaduna a 2017. Jan da ke jikin shinkafar, tumatir ne da tattasai da attarugu, irin waɗanda muke lodawa a kwanduna kowace rani ana yin kudu da su. Wato ɗan manomi ya shiga wuri yana sunkuyar da kai, alhali rabin abin da ke gabansa guminsa ne ko na ubansa, an kai shi birni an sa masa riga an dawo masa da shi da tsada.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 1981, zamanin Gwamna Balarabe Musa, aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara, amma shekarun da ya yi a rufe kowa ya san su. Lokacin kaka tumatir ya yi ta ruɓewa a bakin titi, mu shanya wanda za mu iya shanyawa a ƙasa, ƙura ta hau. A 2016 kuma tsutsar nan ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Babban gidan abinci ba ya iya dogara da wanda yau yana da kaya gobe babu. Yana son a kawo masa awo kaza, mai girma kaza, a rana kaza, duk mako, rani da damina. Manomi ɗaya ba zai iya ba. Manoma talatin da suka haɗa kai, da mai ilimi ɗaya da zai riƙe musu littafi ya tsaya a kan alƙawari, za su iya. Masu ilimin kuwa ga su nan cike da ɗakin nan.

Kada kuma a ce tsarin na shinkafa da kazar Turawa ne kawai. Duk wanda ya zauna a Zariya ya san Shagalinku, tuwo da miyar kuka ne da sauran abincinmu, ga shi har Abuja ya kai reshe. Yahuza ma da tsire da gasasshiyar kaza ya yi suna, ya buɗe rassa. Ban ga abin da zai hana mazarƙwailar Makarfi, ko inabin da ake nomawa a Kudan, su shiga kwali mai tsabta da awo tsayayye da suna a jiki ba.

Don haka, ranka ya daɗe shugaba, ina gabatar wa wannan taro shawara guda biyu. Ta farko, ƙungiya ta ɗauki nauyin kai ɗaliban ajin ƙarshe, ko da ashirin ne, irin wannan gida a Zariya ko Kaduna sau ɗaya a shekara, kowane yaro a ba shi kuɗin a hannunsa ya je kanta ya saya da kansa, kuma a nemi izinin manaja tun kafin ranar ya zaga da su ɗakin girki da wurin ajiya, ya gaya musu daga ina kowane kaya yake zuwa. Ta biyu, 'yan uwanmu masu gonakin rani da masu kiwon kaji su ba sakatare sunayensu kafin a tashi, tare da na waɗanda ke aiki a Kaduna da Kano, don a kafa kwamitin da zai bincika sharuɗɗan masu sayen kaya da yawa, ya kawo mana rahoto a taro mai zuwa. Kuɗin motar tafiyar farko, in Allah Ya yarda, 'yan ajinmu mun ɗauka.