Sankarar Jini: Sabon Magani da Tsohuwar Matsala



Masuncin tafkin Kainji ya san aikin ƙugiya. To, masana sun ƙera wata mai baki biyu domin wani nau'in sankarar jini. Sun ciro ƙananan ɓangarori daga sinadaran garkuwar jiki, suka haɗa biyu wuri guda. Baki ɗaya yana kama ƙwayar sankarar, ɗayan kuma ya janyo sojan jini ya manna shi a jikinta har ya kashe ta. Sunan maganin Blincyto, na kamfanin Amgen, kuma Amurka ta amince da shi a Disamban 2014. Ta jijiya ake ɗura shi, dare da rana, har kwana 28 a kowane zagaye.

Sai dai kuɗinsa! Da ya fito, zagaye biyu sun kai dala 178,000. Kifi nawa mutum zai sayar?

Amma a ganina, matsalarmu ta riga kuɗin magani zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Jinkirin gano cutar yana cikin dalilan.

Iyaye, idan zazzaɓin yaro ya ƙi jin maganin maleriya, ya yi fari fat, dasashinsa yana jini, ku nemi a yi masa gwajin jini. Idan an tura ku Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, don Allah kada ku jira sai bayan girbi.